Manomin da Ya Saki Baki Galala

Akwai wani manomi mai wayon tsiya. Gamba ce iyakar gonarsa da ta maƙwabcinsa, shi kuwa duk damina sai ya tumɓuke ta ya matsar da ita gaba. Da haka ya cinye wa maƙwabcin kunyoyi uku, shi ko kunya babu. Gayya kuma ba ya zuwa ta kowa.

Wata shekara ana tsakiyar noma kurkunu ya fito masa a ƙafa. Mako uku yana kwance, ciyawa tana shaƙe dawarsa. In ba a nome ta ba, bana babu tuwo a gidansa. To wa zai amsa gayyar wanda bai taɓa zuwa ta kowa ba?

Ran nan ya dogara sanda ya ja ƙafa zuwa gona, sai ya tarar da maƙwabcin a sunkuye da fartanya, ya kusa gamawa. Manomin ya ɗauka ƙwace aka zo yi.

Ya ce, "Gonar kake so?"

Maƙwabcin ya ce, "A'a."

"To dami nawa kake so in an girbe?"

"Ko zangarniya ɗaya."

"Au, sona kake yi ke nan?"

Maƙwabcin ya share gumi ya ce, "Gaskiya halinka ba abin so ba ne. Amma ina ƙaunarka."

Kan manomin ya ɗaure tamau. Shi a saninsa so da ƙauna Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ya juya maganar, ya rasa inda ribar mutumin take. Da ya duba kuma, har kunyoyin nan uku an nome masa, gamba tana nan inda ya dasa ta. Sai ya saki baki galala, sandar ma ta suɓuce daga hannunsa.

Ma'anar misalin nan ita ce, manomin nan ni ne, kai ne, ke ce. So yakan duba hali da fuska kafin ya tashi. Ƙauna kuwa fartanya take ɗauka ta nufi gonar wanda ya cuce ta. Haka Allah ya yi da mu: muna cikin matsar da iyakarsa ya ba da Ɗansa dominmu.

Saboda haka, 'yan'uwa, kowa ya san gonar wanda ya kamata ya nufa makon nan. In ƙaunarka ba ta taɓa sa kowa ya saki baki ba, sake duba ta da kyau, wataƙila so ne kawai.