Rigar Bishop Tadawus

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A zamanin da, a wani gari na Kirista, an yi wani babban limaminsu, Bishop Tadawus. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa bai iya cewa a'a ba. Rigarsa ɗaya tak. Yayarsa Fibi ce ke wanke ta.

Wata rana wata mata ta tsinke zare daga rigar, ta ɗaura wa akuyarta mai zawo. Sai akuya ta miƙe. Kafin la'asar gari ya ɗauka.

Sai manoma suka zo neman albarkar gona, suka yanke gefen rigar. Fibi ta yi tsaki, ta yaga zanenta na farko ta toshe. Sai masu ciki suka zo, suka tafi da hannayen rigar. Zane na biyu ya tafi. Sai masu ciwon haƙori suka zo, har da waɗanda ba su da haƙorin, suka kwashe bayan rigar. Zane na uku ya tafi. Saura wanda ke jikinta.

Fibi ta tare shi a bakin ƙofa. Ta ce, "Tadawus, ni na goya ka. Yau ko ka faɗa musu, ko gobe mu fita tsirara mu biyu."

Kunya ta kama shi ƙwarai. Ranar Lahadi ya tsaya a coci, ya ce albarka ta Allah ce, kuma abin da suke yanka tun bara zanen Fibi ne.

Shi a zatonsa ya kashe maganar. Ina! Sai jama'a suka juya gaba ɗaya suna kallon zanen Fibi, wani har ya zaro almakashi. Ta ruga gida, ta fito da taɓarya.

Ta ce, "Wannan ma akwai albarka a jikinta. Wa zai fara?"

Ba wanda ya matso. Sai ta kafa doka: mai son zare ya kawo zane. Zannuwan da suka taru ta riƙa raba wa matalauta. Kafin shekara, ba matalaucin da ke yawo da tsumma a garin.

Da Tadawus ya rasu, aka ce waliyyi ne. Aka sa rigar a akwati, ana zuwa daga nesa ana sumbata. Ko zare ɗaya nasa babu a ciki.

Ƙurunƙus kan kusu. In kun ga waliyyi da sutura, ku tambayi wa ke yi masa ɗinki.