Ranar da Ja'afar Ya Kama Mutum a Kara

A garin Kausani, cikin ƙasar Wudil, an yi wani saurayi mai suna Ja'afar. Dogo ne ƙaƙƙarfa, ga faɗin ƙirji, ga murya kamar an sa masa lasifika. Tun yana firamare ba shi da wani buri sai na zama ɗan sanda. Burin ba laifi ba ne. Inda matsalar take, Ja'afar mutum ne mai gaggawa da ji da kai. Shi dai kakin yake so, da yadda za a riƙa ba shi hanya, amma koyon aikin ko kaɗan ba ya gabansa.

Ƙanin mahaifiyarsa, Kawu Ɗantani, tsohon saje ne da ya yi ritaya. Da ya ga inda ɗan 'yar'uwarsa ya dosa, sai ya kira shi wata rana bayan la'asar, suka zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida.

"Ja'afaru, na yi wa shugaban 'yan sintiri magana," in ji Kawu. "Duk Juma'a ka riƙa bin su kasuwar Wudil. Ka ga yadda ake raba faɗa, yadda ake lallashin mai fushi, yadda ake sauraron mutum har ya kai aya. Ga Jamil maƙwabcinku, wata takwas ke nan yana zuwa."

Ja'afar ya yi dariya. "Haba Kawu! Ni da takarduna zan riƙe gora ina bin bayan shanu? Ni fa da an ba ni kaki shi ke nan, sauran duk za su zo da kansu."

Kawu ya dube shi ya ce, "Kakin nan tela ne ya ɗinka shi. Bai san komai ba."

Maganar ba ta shige shi ba. Da aka buɗe ɗaukar sababbin 'yan sanda, shi da Jamil suka cike takardun nema, kuma dukansu saƙo ya shigo musu a waya cewa su je tantancewa nan da mako uku. Jamil ya ci gaba da gudun asuba da zuwa kasuwa. Shi kuwa Ja'afar ya bi majalisa-majalisa yana cewa an ɗauke shi. Ya sayo baƙin wando da baƙar riga, da takalmin but da hula irin ta 'yan sanda. Mahaifiyarsa ta ce, "Ɗan nan, ka bari a ba ka mana." Ya ce, "Inna, ai an riga an gama."

Ranar Juma'a da hantsi ya sa kayan ya nufi Kara, inda ake cinikin dabbobi. Kasuwa ta cika ta batse. Yana tafe yana buɗa kafaɗa, wasu na ce masa "Ofisa", yana ɗaga musu hannu. Can sai wani ɗan kasuwa, Alhaji Yahuza, ya ƙwalla ihu cewa an sace masa farin rago.

Ja'afar ya waiga, ya hango wani dattijo yana jan farin rago zai fita. Zuciyarsa ta ce yau ce ranar da za a san shi. Ya ruga ya shaƙe wuyan rigar dattijon.

"Ni ɗan sanda ne! Ina ka samo ragon nan?"

Dattijon, Malam Ya'u daga Lajawa, mai in'ina ne. Ya buɗe baki, "Sa... sa... sa..."

"Kun gani ko?" Ja'afar ya ɗaga murya. "Ya kasa magana! Shi ne ɓarawon!"

Kafin ya rufe baki jama'a sun yi caa. Wani ya kai mari, wani ya kai sanda, dattijo ya faɗi. Nan Ja'afar ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Ya ce a tsaya, ba wanda ya ji. Muryar nan da yake taƙama da ita ta ɓace a cikin hayaniya. Bai san me ake cewa ba, bai san ta ina ake farawa ba. Ya ja da baya, ya ja da baya, har ya laɓe a bayan wata motar shanu.

Jamil ne ya kutso da 'yan sintiri biyu. Ya tsaya a kan dattijon ya buɗe hannuwa, ya bar sandar wani ta sauka a kafaɗarsa. Bai yi ihu ba. Sunan mai rago ya kira.

"Alhaji Yahuza, don Allah matso. Wace shaida ce a jikin ragonka?"

"Tsaga ce a kunnen hagu."

"Jama'a, ku duba kunnen."

Aka duba, kunne lafiya ƙalau. Dillalin da ya sayar wa Malam Ya'u ragon ya iso yana haki, yana rantsuwa cewa a hannunsa aka yi ciniki. Ba a jima ba aka tsinci ragon Alhaji a bayan rumfar masu dusa, ashe igiya ya tsinke. Masu duka suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

Da 'yan sanda na gaskiya suka iso, sufeton da ke jagorantarsu ya tambayi wanda ya fara kama mutumin. Yatsu suka nuna bayan mota. Aka fito da Ja'afar.

"Wane ofishi kake aiki? Ina katin shaidarka?"

Ja'afar ya ce ba shi da ko ɗaya.

"Cire hular nan."

Ya cire. Aka sa shi a bayan mota a gaban mutanen Kausani da suka zo cin kasuwa, waɗanda jiya-jiya yake gaya musu an ɗauke shi. Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Kawu Ɗantani ne ya yi belinsa. Ranar tantancewa ta zo Ja'afar yana gaban alƙali, ana tuhumarsa da sojan gona da jawo wa mutum rauni. Jamil ya je, ya yi nasara, ya tafi horo. Shi kuwa Ja'afar ko masallacin unguwa sai ya bari an tayar da salla yake shiga, ana sallamewa ya fice.

Bayan sati biyu Kawu ya ce, "Tashi mu je Lajawa."

Suka tarar da Malam Ya'u a zaure, an yi masa ɗori a hannun dama da karare, ga damina ta kawo kai, ga gona ba mai shiga. Ja'afar ya durƙusa, hawaye na zuba, ya ce shi zai nome gonar bana, a yafe masa don Allah.

Dattijon ya fara magana. In'inar ta riƙe shi, ya yi ta fama. Wannan karon Ja'afar ya jira.

"Na... na yafe maka, ɗana. A... amma ran nan, abin da nake son faɗa maka bai fi kalma uku ba. Sa... saya na yi."

Ja'afar ya kifa fuskarsa a tabarma, ya kasa ɗagowa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙarfin zuciya na gaskiya daga koyo da gogewa yake zuwa, ba daga tufafi ko ɗaga murya ba. Duk mai son aikin da rayukan mutane da mutuncinsu za su shiga hannunsa, ya yi haƙuri ya fara daga ƙasa, ya zauna kusa da waɗanda suka riga shi, ya koyi sauraro kafin yanke hukunci. Wanda ya raina ƙaramin mataki, ranar da babban aiki ya taso zai kunyata kansa, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba ne zai kwana da raunin.