Ranar Da Auta Ya Yaga Aikinmu

Ƙanina, wanda duk gida muke kira Auta, Allah ya ba shi baki. Idan ya fara zuba, sai ka sayi abin da ba ka da wurin ajiyewa. Matsalarsa ji da kai, ba ya son a ce masa gyara nan. Ni da shi muke riƙe da ɗan ofishin talla mai ɗaki biyu, ni nake zane, shi yake shiga gaban masu kaya. Aiki ya yi mana ƙaranci har mun fara maganar rufewa, sai wani mai kamfanin katifa ya ce mu kawo masa tsarinmu ranar Litinin. Mako uku na yi ina fama da wannan zane.

Ranar Lahadi da la'asar muna falon Mama muna kallon wasan da ake nunawa duk mako, na masu talla a zamanin tafireta. A kashin ranar, jarumin ya shiga taro, ya yaga takardun da aka shirya, ya ce wa attajirin da ya ba shi aikin bai san kayansa ba, ya fice. Attajirin ya biyo shi matakala da gudu yana cewa, "Dakata!" Nan aka yanke.

Auta ya miƙe yana tafi. "Kun gani? Haka ake yi! Ba a roƙo."

Mama ta taɓe baki. "Wannan ba shi da tarbiyya. Da ɗana ne, da ya sha jan kunne."

Ni kuwa na san wannan ƙyallin na idon Auta. Na ce, "Wasa ne fa, kuma ko ƙarshensa ba mu gani ba."

"Haba Yaya, ke dai tsoro ya yi miki yawa."

Washegari tun daga gida nake roƙonsa kada ya kwaikwayi wasan, yana ta murmushi. Mai kamfanin dattijo ne mai sanyin magana. Ya duba zanen, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ya yi kyau, 'ya'yana. Sai dai ku ƙara girman sunan, idon irinmu ba ya ganin ƙananan baƙaƙe."

Gyaran minti biyar ne. Na buɗe baki zan ce to, sai na ji kyat! Auta ya raba takardar biyu.

"Yallaɓai, katifa ka sani, ba ka san barci ba. Idan ka shirya, ka san inda muke." Ya ja hannuna muka fita.

A matakala ya rage sauri, ya durƙusa yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. "Saurara, Yaya, yanzu zai fito." Ni kuwa ina ta addu'a a zuci Allah ya sa shi ne mai gaskiya. Can ƙofa ta buɗe. Sakatariya ce riƙe da yagaggiyar takardarmu.

"Yallaɓai ya ce kun manta wannan." Ta juya ta kira masu jira, "Na gaba su shigo."

Kafin Lahadi ta zagayo mun kwashe kayan ofis, kwamfutata tana lungun falon Mama an rufe ta da zani. Aka ci gaba da wasan daga inda aka tsaya. Attajirin ya iske jarumin a matakala, ya miƙa masa hularsa, ya ce kada ya sake taka masa ofis. Mama ta ce, "Ai na faɗa." Auta bai ɗago kai ba, sai na ji ya ce a hankali, "Yaya, ki yafe mini mako ukun nan."

Darasin da ke nan shi ne, kada mutum ya ɗauki rabin labari ya gina rayuwarsa a kai, balle labarin da wani ya zauna ya tsara. Wanda ya ce ka gyara bai raina ka ba, hanya yake buɗe maka. Girman kai na minti ɗaya yana iya rushe wahalar da ba kai kaɗai ka sha ba.