Barkonon Kura da Likita Gara

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta iso mu ji ta.

Kura ce ta shuka barkono a tsohuwar tukunya don yajin namanta. Saboda zalama, kullum sai ta tuttula masa ruwa, wai ya yi saurin girma. Ganye ya yi ruwan ɗorawa, ƙasar ta soma wari.

Bushiya ta leƙo ta ce, "Yaya Kura, saiwar ce ke ruɓewa. Huda gindin tukunyar, ki rage ruwa."

Kura ta ce, "Sannu, malama! Ke da ko wanka ba kya yi, ke za ki koya mini ruwa?"

Sai ta kira Gara. Gara ta ce, "Ranki ya daɗe, ni da 'ya'yana za mu shiga ƙasar mu duba."

Suka shiga, Kura kuma ta tafi yawonta. Da Kura ta dawo ta taɓa barkonon, sai ya faɗi, ba saiwa ko ɗaya. Ta kurma ihu.

Gara ta fito tana gyatsa, ta ce, "Kukan me kike? Ruɓar a saiwa take, mun kuwa cinye saiwar kaf. Har abada ba zai sake ruɓewa ba."

Ƙurunƙus kan ƙosasshiyar gara!