Ƙwayar Alkama a Tukunyar Zlata

Akwai wata mata mai suna Zlata a ƙauyen kakannina, kusa da Lublin. Idan ana maganar balabusta, wato macen da ta iya riƙon gida, ita ake nufi. Matsalar dai ita ma ta san haka, kuma ba ta bari a manta.

Wata guda kafin idin Pesah take fara kankare gida, don a kwanaki takwas na idin ba a yarda ko ɓarɓashin hamez, abincin hatsi da ya kumbura, ya kwana a gidan Bayahude ba. Ita kuwa a kwanakin nan ko ruwa ba ta sha a gidan kowa.

Ana saura mako guda, maƙwabciyarta Braina, mai wankau da mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, ta ce za ta zo ta taya ta aiki. A bakin rijiya, gaban mata, Zlata ta ce ta fara share nata gidan tukuna, don ba ta jin akwai shekarar da ya taɓa tsarkaka. Braina ta ɗauki guganta ta wuce.

A ranar farko ta idin ne iyayen saurayin Hinda, 'yar Zlata tilo, za su zo cin abincin rana don su ga gidan da za su nemi aure. Hinda na son yaron nan har ba ta iya ɓoyewa.

Maza na can shul, ɗakin ibadar Yahudawa, suna addu'a, Zlata ta sa ludayi ta juya miyar kaza. Sai ga ƙwayar alkama guda ɗaya, ta jiƙa har ta tsage, tana yawo a saman romo.

Ta ajiye ludayin. Ta san hukuncin sarai: a cikin Pesah ƙwaya ɗaya ta isa ta haramta tukunya. Ta leƙa ƙofa, babu kowa. Da yatsa ɗaya za ta iya tsame ta, magana ta mutu. Ta daɗe a tsaye tana kallon ƙwayar.

Daga ƙarshe ta rufe tukunyar, ta yafa mayafi, ta je ta sa aka kira mata Rav Hirsh, malamin garin, daga cikin shul. Ya tambaye ta ko ta sa ludayin a wani abincin. Ta ce ta sa a karas, ta sa a dankali. Ya girgiza kai ya ce duka ba za su ciwu ba, ta kife kwano a kai ta bar su har ranakun hutun idi su wuce a ƙona.

Ta dawo gida. Kasuwa a rufe, mahauci na ibada, baƙi kuma saura ƙasa da awa guda. Ta faɗa wa Hinda, yarinyar ta zauna a bakin murhu tana hawaye shiru. Wannan shirun ya fi komai ci wa Zlata rai.

Sai aka taɓa ƙofar baya. Braina ce, rungume da tukunya a ƙarƙashin mayafi. Ta ce ta ga fitarta, ta ga dawowarta, kuma mace ba ta zuwa wurin Rav da tsakar idi da irin wannan fuskar sai tukunya ta ɓaci. Miyar dankali ce da albasa, da ɗan kitsen agwagwa.

Hali dai hali ne. Zlata ta tsaya tana kallon murfin.

Braina ta yi murmushi. “Karɓi, maƙwabciya. Wata biyu kenan dankali kaɗai muke ci. Ta ina hamez zai shigo mana?”

“Yaranki fa?”

“Akwai matza, busasshiyar gurasar idi. Sun saba.”

Baƙi suka zo, aka yi gut yontif, wato barka da idi, aka zauna. Uwar saurayin ta kurɓi miyar, ta ce lallai an faɗi gaskiya, hannun Zlata daban ne. Hinda ta zuba wa uwarta ido tana roƙonta da kallo ta yi shiru.

Zlata ta ajiye cokali. Ta faɗi komai, tun daga ƙwayar alkamar har maganar da ta yaɓa wa Braina a bakin rijiya. Sannan ta ce wa Hinda ta je ta kira mai miyar da yaranta, ba za ta iya haɗiye abincinsu suna can da yunwa ba.

Hinda ta tashi ta fita. Can uwar saurayin ta ce wa mijinta ya matsa a samu wurin yara.

“Gaskiya da tsoro na zo,” in ji ta. “An ce mini ke ba kya kuskure. Na ce to ɗana ya shiga uku.”

An yi auren bayan idin Shavuot, wanda ke biyo bayan Pesah. Zlata dai ba ta daina ƙin cin abincin mutane a Pesah ba har ta mutu, sai gida ɗaya. Duk shekara a ranar farko takan aika kaza biyu gidan Braina, ta bi bayansu da cokalinta.

Darasi: Kada tsabtar gidanka ko yawan ibadarka su sa ka raina na kusa da kai, don ranar da taka ta ɓaci, mai yiwuwa shi ne zai rufa maka asiri. Idan kuma ya rufa, ka faɗi sunansa a gaban mutane. Ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta su ma su karanta.