Ruwan Ɗorawa da Ruwan Goro

Ku matso ku ji dalilin da ya sa muke cewa ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, alhali babu ruwa a jikin abin da muke nunawa.

A da can, launukan da ke da suna kaɗan ne: fari, baƙi, ja, kore da shuɗi. Sauran sai dai a ce ja-ja ko fari-fari.

A wani ƙauye akwai wata tsohuwa mai magani, ana ce mata Tabawa. Tsufa ya cinye mata ido, sai jikarta Kulu, 'yar shekara biyar, ta zama idonta. Wata rana da hantsi, iyaye duk suna gona, zazzaɓi ya rufe Shekarau, ƙanen Kulu da ke goye.

Tabawa ta ce, "Kulu, maza shiga ɗaki. Akwai 'yan ƙwarya biyu a kan randa. Ɗauko mini mai ja-jan nan."

Kulu ta leƙa ta ce, "Kaka, duk biyun ja-ja ne."

"Mai ɗan haske, 'yar nan. Yi sauri!"

Ɗaya maganin zazzaɓi ne, ɗayan kuwa dafi ne da tsohuwar ta haɗa wa maharba. Rana ta faɗo ta taga a kan na dafin, sai ya fi haske a idon yarinya. Ta ɗauko shi, Tabawa ta ba yaron ya sha. Kafin azahar Shekarau ya rasu.

Kulu ta daina magana, ta daina cin abinci. Rana ta bakwai Tabawa ta lalubo hannunta ta ce, "Ba ke ba ce. Ni ce na aike ki ɗauko abin da ban ba shi suna ba."

Washegari ta sa aka jera mata ƙwarya huɗu a tsakar gida, aka tara yaran unguwa. Ta jiƙa garin ɗorawa a ɗaya, ta daka goro ta zuba a ɗaya, sannan toka, sannan ƙasa. Ta tsoma yatsa a ta farko, ta ɗaga.

"Wannan ruwan mene ne?"

Can sai wata 'yar murya ta ce, "Ruwan ɗorawa ne, Kaka."

Kulu ce. Tsohuwa ta juya fuska ta share hawaye, ta ce, "To, duk abin da ya yi kama da shi, sunansa ke nan. Kada wanda ya sake ce masa ja-ja."

Haka ta yi ta yi kowace safiya har ta bar duniya, yaran kuma suka girma suka koya wa nasu.

Shi ya sa har yau, in uwa ta nuna wa ɗanta zane, takan ce, "Wannan ruwan ɗorawa ne, wancan ruwan goro," ta kuma sa shi ya maimaita har sai ya bambance su.