Sanarwar Zazzaɓi

An yi wani hedimasta a Tudun Maƙera, Malam Nagoma, wanda fashin makaranta da yara ke yi ya ishe shi. Sai ya kafa doka: duk yaron da zai yi rashin lafiya, iyayensa su sanar kwana uku kafin ciwon ya zo, in ba haka ba kora ce.

Ana nan zazzaɓi ya kayar da Azumi, 'yar Lantana mai awara. Da ta warke ta koma aka koro ta, ga jarrabawa saura mako guda. Lantana ta sauke kasko, ta yafa mayafi, ta sami hedimasta a ofis cikin malamansa.

"Ranka ya daɗe, laifinmu ne," in ji ta. "Yarinyar ce ba ta da kunya, ta kwanta ciwo ba izini."

"To, kin gane ke nan."

"Sarai. Nan gaba wa zan kawo wa sanarwar?"

"Ni kaɗai, hannu da hannu."

"Madalla. To don kada in bar sana'ata in zo in tarar ba ka nan, faɗa mini ranar da kai za ka kwanta ciwo a watan nan, in kauce mata."

Ya buga tebur. "Ke! Wa ya san gaibu in ba Allah ba?"

"Au! Ashe duk karatun nan naku bai kai nan ba? Mu masu suyar awara kawai ake so mu sani?"

Malamai suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya.

Washegari Azumi tana aji. Takardar dokar kuwa, Lantana ta roƙa aka ba ta, ta naɗo wa Malam Nagoma awara mai zafi a ciki.